Wai Zanena Ya Yi Kaushi

Hausawa sun ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ni dai ban kama sunan kowa ba, amma labari ya iso mini cewa akwai wani mai zane da yake bin majalisa-majalisa yana faɗin wai zanen da na yi wa fuskata ya yi kaushi, launukansa sun yi duhu, kuma sawun burushi ya fito ɓaro-ɓaro kamar yaɓen ginin ƙasa.

Da malamin namu ya taɓa natsuwa ya dubi zanen da Rembrandt, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, ya yi wa kansa a 1659, da ya tauna maganar kafin ya furta ta. Shekara uku ke nan da karayar arzikin mutumin, sai ya lulluɓe jikinsa da launin ƙasa mai duhu, ya tara haske a fuska, ya jibga fenti mai kauri a goshi da ƙasan idanu, har ya juya burushi ya karci ɗanyen fentin da gindinsa domin murɗin gashi ya fito. Duk wanda ya kalle shi zai ga dattijon da duniya ta juya wa baya amma bai sunkuyar da kai ba. Haka Van Gogh, shi ma mai zane ɗan Holan, ya zana kansa a watan Satumba na 1889, yana asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy a Faransa: shuɗi yana murɗawa a bayansa tamkar guguwa, jan gemunsa yana ci kamar garwashi, ido kuwa ya kafe wuri ɗaya. Ashe shi ma yaɓe ya yi?

Shi kuwa gwanin namu, na ga nasa zanen, kuma a gaskiya ya sha aiki. Fata ta yi sumul kamar tangaran, ta kuma yi hasken da ba mu san shi da shi ba tun muna yara, ramar kumatu ta cike, hatta tsagar gidansu an shafe ta da fenti ruwan madara. Babu damuwa a fuskar, babu fara'a, babu alamar rana ta taɓa dukanta. Ina kyautata zaton ranar da gwaggonsa da ta goya shi ta shigo ɗakin ta ga abin a bango, sai ta gyara mayafi ta tambaya ko baƙon daga wane gari ya zo.