Ɗan aiken da ba ya tambaya, da takardar da ba ta faɗa masa komai ba

Daga Yaba zuwa Ikeja, masu haɗa manhaja a Legas sun koma ƙera 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ba hira kaɗai ta iya ba, aikenta ake yi ta je ta aiwatar. Cikin ayyukan da ake ɗora mata, adana takarda ne ake rainawa. A ganina nan ne ɓarna ta fi saurin shiga, kuma yawanci laifin ba na lambobin manhajar (wato code ɗin da aka gina ta da shi) ba ne, na bayanin da aka rubuta mata ne.

Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, tsarin haɗa irin waɗannan 'yan aike da kayan aikinsu, a watan Nuwamban 2024, hanyar gabatar wa ɗan aike kayan aiki ta zama kusan iri ɗaya: suna, bayani a rubuce, sai fasalin abin da za a shigar, wanda ake tsarawa da wata ƙa'idar rubutu mai suna JSON Schema. Iyakar abin da ɗan aiken ke gani ke nan. Mutum in bai gane ba zai buɗe lambobin ya duba, ko ya leƙa teburin abokin aiki ya tambaya. Shi kuwa cinka zai yi, ya wuce abinsa ba ko gezau.

A ɗauka dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, an haɗa masa ɗan aike mai karɓar saƙo ta WhatsApp ya rubuta rasit ya ajiye. Bayanin kayan aikin layi ɗaya ne: “Yana adana takarda.” Ranar Litinin aka ajiye rasit ɗin buhu arba'in da sunan mai saye. Ranar Alhamis mutumin ya dawo ya ɗauki buhu goma bashi, ɗan aike ya sake ajiyewa da wannan sunan. Me ya faru da na Litinin? Wata manhajar za ta danne shi ta rubuta sabon a kansa. Wata za ta ƙi, wata ta liƙa wa sunan lamba 2, wata kuma ta ɗora sabon rubutun a ƙasan tsohon. Duk huɗun ana yi, duk kuma sunansu adanawa. Bayanin da bai faɗi wanne ne nasa ba ya faɗi jarrabawa tun daga nan, komai kyan sauran. Dillali ba zai sani ba sai ranar lissafi, an zo ana rantse-rantse.

Na biyu da shi, yankewar sabis. Ɗan aike ya tura umarni, amsa ba ta dawo ba, to an ajiye ko ba a ajiye ba? Zai sake turawa. In kayan aikin kan buɗe sabon fayil duk kira, rasit ɗaya ya zama biyu, bashi ya ninka a takarda. Gyaran da aka yi wa MCP a Maris 2025 ya kawo alamomi irin su destructiveHint da idempotentHint, masu nuna ko aiki yana goge abu, da ko maimaita shi ba ya ƙara komai. Amma ishara ce kawai, ba garanti ba, kuma babu tabbacin manhajar da ke tsakani za ta miƙa su ga ɗan aiken. A rubuta shi da kalmomi a cikin bayanin: in aka sake kira da suna ɗaya, ga abin da zai faru.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa, wanda wanda ya rubuta bayanin a Amurka ba zai tuna ba. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu (bait shi ne ma'aunin girman bayani a kwamfuta) yake ci a tsarin haruffa na UTF-8, alamar naira ₦ kuwa uku. Tsohon tsarin Windows-1252 ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, don haka in ta nan rubutu ya bi, “ƙasa” sai ta fito “?asa”, kuɗi kuma ya rasa alamarsa. Bayani nagari zai faɗi tsarin haruffan da yake amfani da shi, ya kuma faɗi ko iyakar da ya sa ta haruffa ce ko ta bait. A Linux, takwaran Windows wajen tafiyar da kwamfuta, sunan fayil kan tsaya a bait 255. Hoton da aka mayar Base64, wato aka juya shi haruffa don a tura, yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, na megabait 3 ya koma 4, sai ya tsallake iyakar da ake zaton yana ƙasa da ita. Ga yadda muke rubuta kwanan wata, 12/03/2025. Wannan karkatacciyar sandar (/) tana cikin alamomi tara da Windows ya hana a sunan fayil, a Linux kuma ita ce ke raba folda da folda.

Saƙon kuskure ma bayani ne. “An samu matsala” ba ta koya wa ɗan aike komai, sai ya maimaita kuskuren, ko mafi muni ya ce wa mai gida an gama. “Sunan yana ɗauke da /, cire ta ka sake turawa” kuwa gyara ce nan take. Haka in aiki ya yi kyau, a dawo da cikakken wurin da fayil ya sauka da girmansa.

Masu cewa dogon bayani kuɗi ne suna da gaskiya, domin ana tura shi tare da kowace tambaya, kuma da dala ake biya. Sai dai abin da na lissafa jimla shida ko bakwai ne. A sheme kirarin “mafi sauri, mafi aminci”, wuri zai samu, har da layin da zai faɗi a wace sabar (kwamfutar ajiya ta nesa) ake ajiya da wa ke iya buɗewa, tunda rasit na ɗauke da suna da lambar waya, kuma dokar kare bayanan sirri ta 2023 tana aiki a kansu.

Kafin a biya mai haɗa manhaja, a miƙa bayanin shi kaɗai ga wanda bai taɓa ganin lambobin ba, ya rubuta abin da yake tsammani. Sannan a ajiye fayil biyu da suna ɗaya, a tura “ƙwai ₦500”, a sa kwanan wata a suna, a kashe data ana tsakar turawa. Duk inda abin da ya faru ya saɓa wa abin da ya rubuta, a ja layi a wurin a mayar wa mai haɗawa.