Sunan Alhaji ya yi ja a allon kwamfuta

Wata Alhamis, gari ya watse an tafi kasuwar Maigatari, ɗan ƙanwata ya same ni a gindin darbejiyar ƙofar gida, kwamfuta a hammata, fuska a murtuke. Shi ke riƙe wa wata ƙungiyar manoman riɗi ta yankinmu lissafi: sunayen mambobi, lambobin wayarsu, buhun taki nawa kowa ya karɓa bashi, nawa ya biya da kaka. A da manyan littattafai ne a cikin akwatin ƙarfe. Yanzu masu ba su rance sun ce sai dai a ajiye komai a gajimare, wato manyan kwamfutocin Microsoft da ake haya ta intanet, kuma duk bayan wata uku a tura musu rahoton cewa ana bin ƙa'idojin tsaro.

"Kawu, dubi nan," ya ce. Allon kore shar, sai layi ɗaya da ya yi ja. Ƙa'idar da ke duba ko masu riƙe da manyan makullai sun sa kwaɗo na biyu ta kama mutum uku, kuma Alhaji, shugaban ƙungiyar, na ciki.

Kwaɗo na biyu ba baƙon abu ba ne ga duk mai tura kuɗi ta waya. Ka sa lambar sirrinka, banki ya ƙara turo maka wata lamba kafin kuɗi su fita. Haka nan ma: bayan fasawod, sai ka nuna wani abu da ke hannunka, waya ko ɗan makullin da ake soka wa kwamfuta. Masu manyan makullai kuwa su ne waɗanda za su iya ƙara mutum, su cire mutum, su share rumbun gaba ɗaya.

Yaron ya riga ya gano mafita. Akwai wurin da ake latsawa a keɓe mutum daga bincike, a rubuta dalili, jan ya ɓace. "Ni dai ya koma kore kafin Litinin, Kawu. Wa zai tunkari Alhaji da maganar waya?"

Na hana shi, kuma dalilina shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu, don na tabbata ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba. Daga ƙananan asibitoci zuwa makarantu masu zaman kansu da kamfanonin sayen amfanin gona, duk inda aka damƙa wa wani yaro mai kwamfuta amanar bayanan jama'a, rahoto mai kore ya zama shi ne abin nema, tsaron kansa ya koma baya.

Irin wannan ƙa'ida ba ta rufe ƙofa. Mai gadi ne da aka ba littafi da biro, ba a ba shi sanda ba: ya ga ƙofa a buɗe ya rubuta, shi ke nan aikinsa. Wanda ya keɓe sunan Alhaji bai rufe komai ba, ya dai ce wa mai gadi ya daina kallon wannan ƙofar. Ɓarawo kuwa ba ya karanta rahoton odita.

Da muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi kowane ja da ciwonsa daban. Na farko na yaron ne da kansa, ya kuma rantse ya sa kwaɗon tun daren jiya. Gaskiya ya faɗa. Binciken ba nan take yake zagayowa ba. A tsarin Azure, wato gajimaren na Microsoft, sau ɗaya yake kewayawa cikin awa 24 idan ba an tashe shi da hannu ba. Maganin wannan haƙuri ne, amma na ga waɗanda suka kwana suna kwance saiti suna ɗaurawa a kan abin da ba ya buƙatar komai sai wayewar gari. Wani lokacin kuma kwaɗon na wani kamfani ne daban, mai binciken bai san shi ba, sai ya rubuta babu. Irin wannan kaɗai ne keɓewa ta halatta a kansa, shi ma da dalili a rubuce da ranar da za ta ƙare.

Na biyu ya fi tayar min da hankali. Sunan wani ne daga Kano da aka ɗauko shekara biyu da suka wuce ya kafa musu tsarin, aka biya shi, ya tafi. Makullinsa na nan daram, da cikakken iko, ba wanda ya tuna. Kada wani ya ce sakacin ƙauye ne. A watan Janairun 2024 Microsoft da kanta ta fito ta ce an shiga wasiƙun manyan shugabanninta, kuma ta wani tsohon asusun gwaji aka bi, wanda ba shi da kwaɗo na biyu. Wata ɗaya bayan haka aka durƙusar da Change Healthcare a Amurka, kamfanin da asibitoci da shagunan magani ke bi ta kansa a biya su. Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya amsa a gaban majalisar dokokinsu cewa ƙofar da aka bi ba ta da kwaɗon, kuma sun biya fansar dala miliyan 22. Idan masu dala sun yi tuya sun manta da albasa, ina ga masu riɗi?

Akwai wani abu game da asusun da aka yi watsi da shi wanda mutane ba sa lura. Tun Oktoban 2024 Microsoft ta fara tilasta kwaɗo na biyu ga mai shiga zauren gudanarwar Azure, sai wasu suka ɗauka magana ta ƙare. Amma asusun da bai taɓa rajistar waya ba, idan aka zo shiga, tsarin cewa yake yi: kawo wayarka a yi rajista. Duk wanda ya riga zuwa da fasawod ɗin, tasa wayar zai sa. An rufe ƙofa da ɓarawo ke nan, har an miƙa masa makulli. Mun goge asusun mutumin Kano a nan take, ko minti biyu ba a yi ba.

Saura na Alhaji. Dattijo ne mai mutunci, shi ya tara manoman nan tun ba a san za a zo ga haka ba. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, kuma bai taɓa buɗe wannan rumbu ba ko sau ɗaya. Fasawod ɗinsa yana hannun sakatare, yana hannun ma'aji, yana hannun babban ɗansa, an kuma rubuta shi a bangon wani littafin rasit. To me ya sa aka ba shi babban makulli tun farko? Don girma. An ga bai dace yaro ya fi shugaba iko ba, ko da a cikin kwamfuta ne.

A nan ne nake ganin mun karkace, kuma ba al'adarmu ce ta karkatar da mu ba. A fada, sarki ba ya yawo da makullin taska a aljihu. Akwai Ma'aji, kuma wannan bai taɓa rage wa rawani komai ba. Yawan masu babban makulli shi ne ainihin cutar, jan layin alama ce kawai. Ƙungiya mai ma'aikata biyar ba ta buƙatar fiye da mutum biyu masu cikakken iko.

Masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar, ba zan danne ta ba. Waɗanda suka tsara wannan abu ba su taɓa hawa kan jigawa suna ɗaga waya sama suna neman sabis ba. A garuruwan bakin iyaka waya takan kama sabis ɗin Nijar, saƙon lambar ya zo bayan ta mutu, ko ya ƙi zuwa sam. Layi yakan rufe saboda matsalar NIN, wanda aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani ya sayar wa wani. Mun ga yadda aka kashe sabis ɗungurungum a Zamfara a watan Satumban 2021. Ga kuma shagon mai caji, inda wayoyi hamsin ke kwance a kan tebur tun safe, saƙo na shigowa yana haskawa a fuskar waya, kowa na gani. Ƙa'idoji masu sassauci da ke barin ka tsara wa kowa nasa sharaɗin kuma sai da lasisin da ake biya da dala.

Duk wannan hujja ce ta a guji saƙon tes, amma ba ta kai ta a zauna babu kwaɗo ba. Manhajoji irin su Microsoft Authenticator da Google Authenticator suna fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma ba sa buƙatar sabis ko data, lissafi ne tsakanin wayar da agogonta. Abin lura ɗaya, agogon wayar ya zama daidai; idan ya yi gaba ko baya da 'yan mintuna, lambar ba za ta karɓu ba, a yi ta zagin kamfani a banza. Saitin tsaro na asali da ke tilasta wa kowa kwaɗon kyauta ne. Microsoft kuma na ba da shawarar a ajiye asusun ko-ta-kwana guda biyu, saboda ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka zare ta a kasuwa. Nasu makullin sai a kulle a akwatin ƙarfen nan da littattafai suka bari.

Kore ma yana ƙarya, kuma tasa ta fi haɗari don ba mai bincikarta. Ana iya barin ƙa'ida a matsayin gwaji, tana rubuta rahoto ba ta hana kowa shiga. Ana iya rajistar asusu huɗu a waya ɗaya, allo ya yi kyau, ranar da buhu ɗari suka ɓace a lissafi a rasa wanda ya taɓa. Tun Yunin 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma wanda ya tara lambobin waya da basukan manoma ɗaruruwa yana ƙarƙashinta, ko a birni yake ko a ƙauye.

Da la'asar ɗin Juma'a na raka yaron gidan Alhaji, don shi kaɗai ba zai iya buɗe baki ba. Bayan gaisuwa ya durƙusa yana ta kewaye-kewaye, sai na karɓe: ranka ya daɗe, akwai makulli da sunanka a hannun mutum uku, idan aka yi ɓarna da shi kai za a ce. Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, ya dubi yaron.

"To dama ni me zan yi da shi? Ku cire. A dai riƙa bugo min lissafin a takarda duk Juma'a, da manyan baƙi, idona ba ya ganin ƙanana."