Tsabar azurfa ta fi takarda riƙe tarihi

Duk wanda ya zauna a Ingila ko Kanada ko Amurka zai lura da wani abu: ƙasashen nan ba sa barin alamarsu a kan tuta da fasfo kaɗai, suna buga ta a kan azurfa kowace shekara. Amurka ta fara fitar da tsabar kuɗin azurfa mai suna Silver Eagle a 1986, Kanada ta biyo da Maple Leaf a 1988, Ingila kuma ta kawo Britannia ta azurfa a 1997. Kowacce tana ɗauke da oza ɗaya na azurfa, kuma ozan masu zinariya da azurfa ake nufi, wato giram 31.1, ba na kasuwa mai giram 28.35 ba. Kuɗin da aka rubuta a jikinsu, dala 1 ko dala 5 ko fam 2, suna ne kawai. Darajar tana cikin ƙarfen da kuma amanar da mutane suka ba hatimin.

Amanar nan ita ce abin lura. Ganyen da ke kan tsabar Kanada yau shi ne tun farko. Mikiyar Amurka mai garkuwa a ƙirji, da reshen zaitun a ƙafa ɗaya da kibau a ɗayar, ta yi shekara talatin da biyar kafin a sake zanenta a 2021. Saboda ba a yawan taɓa alamar, ɗan kasuwa a kowace nahiya yana ganin ta ya san abin da ke hannunsa.

Mu fa? Da Najeriya ta cika shekara hamsin da samun 'yanci a 2010, abin da ya shiga hannun jama'a takardar naira 50 ce. A 2014, bikin shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu, sai aka fitar da naira 100. Ban raina su ba, amma takarda tana yagewa, tana dauɗa, ƙarshenta ta koma banki a lalata ta. Abin takaicin shi ne muna da abin bugawa. Tsabar 1973 ta nuna haka: auduga a kan rabin kwabo, rijiyoyin mai a kan kwabo 1, koko a kan kwabo 5, bishiyar kwakwar manja a kan kwabo 10, gyaɗa a kan kwabo 25. Ga kuma tambarin ƙasa, baƙar garkuwa mai farin layi da ya rabu biyu kamar haɗuwar Kwara da Binuwai a Lakwaja, da fararen dawakai biyu, da jar mikiya a sama.

Sai dai tambarin nan da launi yake magana, azurfa kuwa launinta ɗaya. In aka kwafe shi yadda yake, garkuwar za ta fito fili fetal, ba a gane baƙa ce. Masu sassaƙa hatimi sun daɗe da magance wannan da siraran layuka: na tsaye yana nufin ja, na kwance shuɗi, na karkace kore, waɗanda suka gitta juna kuma baƙi. Britannia ta 2021 ta yi amfani da irin wannan a kan garkuwarta. Layukan suna da amfani na biyu, domin mai jabu da ke zuba narkakken ƙarfe a mazubi ba ya iya fitar da su da kaifi. Shi ya sa Kanada ma ta cika bayan ganyenta da layuka kamar hasken rana tun 2014, ta kuma saka wani ɗan mitsitsin ganye mai ɗauke da shekarar bugu, wanda sai da madubin ƙara girma ake karanta shi.

Wanda zai saya ya fara da sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, sannan ya auna faɗi: Silver Eagle milimita 40.6 ce, Maple Leaf 38. Tagulla ba ta kai azurfa nauyi ba, don haka jabun da ya cika nauyi dole ya yi kauri fiye da kima, wanda ya daidaita kauri kuma ya gaza a sikeli. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma kada a dogara da shi kaɗai, don tagulla ma ba ta kamuwa. A kuma kula da shekara: Britannia ta kafin 2013 azurfar da ke cikinta kashi 95.8 ce cikin ɗari, shi ya sa ta ɗan fi nauyi, kuma wannan ba aibi ba ne.

Wurin ajiya aka fi yin asara. Iska mai ƙibiritu, wato farar wuta, ke sa azurfa yin baƙi, kuma robar ɗaure kuɗi da wasu takardu suna fitar da shi. Leda mai laushi irin ta PVC tana barin koren danƙo a jiki. Zufar yatsa tana cin fuskar tsabar har zanen yatsan ya zauna, saboda haka a riƙe ta ta gefe, a ajiye ta cikin ƙoƙon roba mai tauri a wuri busasshe. In ta yi duhu, a bar ta haka. Gogewa da man goge haƙori ko toka yana barin ƙananan karce-karce da ba sa gyaruwa, kuma masu tara tsaba suna hango su nan take, su sauke farashin zuwa na ƙarfen zalla.