Kira daga Amurka kyauta, wulaƙanci a PZ da kuɗina

Jiya na dawo daga ofishin kamfanin layin waya da ke PZ, nan Zariya, raina a ɓace, har yanzu kuma bai huce ba. Duk mai shirin ba ni haƙuri ya ajiye abinsa tukuna, haƙurin nan mun sha shi har ya ginshe mu.

Inna, mahaifiyarmu, idonta ya yi rauni, yatsunta kuma sun ƙi sabawa da shafa gilashi. Mun gwada ta da babbar waya, in kira ya shigo sai ta yi ta dangwale har ta kashe, ko ta buɗe kyamara ta haska wa mutum rufin ɗaki. Ƙanena da ke aiki a Houston ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne, sai ya aiko da wani ɗan baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, OBi200. Ramuka uku ne suka shafe mu a bayansa: na wuta, na igiyar da ke tafiya rauta, wato na'urar da ke kawo intanet, da na tarho irin na da, mai kan da ake ɗagawa a kara a kunne. Ya buɗe lambar Google Voice, tsarin kira ta intanet, can wajensu, tunda sai da lambar Amurka ake buɗewa, ya saita komai, ya ba wani mai zuwa gida ya kawo. Muka zaro tarhon marigayi Baba daga ƙarƙashin gado, muka kakkaɓe ƙura, muka jona. Sai ga lambar Amurka tana ƙara a ɗakin tsohuwa a Kwarbai. Shi in ya kira, tamkar maƙwabcinsa ya kira. Ita in ta neme shi, ko ta nemi jikarta da ke aure a Kanada, ko sisi ba a cira. Bayan sallar isha take jawo kujerarta kusa da tarhon, lokacin can rana ta take, shi kuma ya samu sararin cin abinci.

To, su masu abin sun ce kyauta, kuma sun cika. Murya ta ƙetare teku ba a karɓi kwabo ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa kan teburin Inna, nan ake yanka ni. Ƙaramar na'urar intanet ta aljihu ba ta da ramin igiya, dole na sayi babbar rauta. Wuta ba ta zama, dole na sayi ɗan batirin ajiya mai bolt 12 da zai riƙe rauta da akwati in an ɗauke. In an kawo kuma da hauka take zuwa, dole na ƙara da sitabilaiza, domin akwatin nan ba shi da magaji: an sayar da kamfanin da ya ƙera shi a 2018, an daina sayar da irinsa a ƙarshen 2021, an daina kula da shi a Disamban 2023. Ranar da wuta ta ƙona shi, shi ke nan, sai dai a bi 'yan gwanjo. Sannan ga data duk wata. Kiran murya ba ya cin komai, minti guda megabait ɗaya ne da 'yan kai, hirar awa guda ba ta kai megabait 100 ba. Na canja kalmar sirrin rautar don kada jikoki su hau kallon bidiyo. Duk da haka wata bai raba ba za a turo saƙo wai data ta ƙare. Na haɗiye wannan shekara da shekaru.

Abin da ya kai ni ofishinsu jiya daban ne. Na zuba datar wata, kuɗi masu nauyi a aljihun malamin makaranta, washegari fitilar rauta ta koma ja. An rufe layin da ke cikin rautar. Layin da na yi wa rajista da kaina, na haɗa da lambar NIN tun zamanin da ake kwana a kan layi saboda ita. Inna ta yi ta ɗaga kan tarho tana jin shiru, tana tambayata ko lafiya yaron nan bai kira ba. Na cusa rauta da akwati a leda, na hau keke daga Ƙofar Doka.

Ba zan ɓata bakina a kan layin da na tarar a waje ba, kowa ya san shi: rana, maigadi da 'yar sandarsa, da masu shigowa a mota suna wucewa kai tsaye. Da aka zo kaina na tarar da wani saurayi a bayan kanta, ɗan gari ne, Hausa a bakinsa raɗau, ba zai girmi ɗana na biyu ba. Na yi sallama. Idonsa na kan wayarsa. Na sake yi, na ɗan ɗaga murya. Ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Lamba."

Na karanta masa. Ya danna da yatsa ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da wayarsa. Ya ce, "An rufe."

Na ce, "Samari, ai saninsa ne ya kawo ni. Me ya sa aka rufe?"

"Hotonka bai fito ba."

Na ce wane hoto? Ya ce na rajista. Na ce hoton da ku kuka ɗauka, da na'urarku, a cikin wannan ɗakin, shi ne ya shekara yana fitowa sai ranar da na zuba kuɗi ya ɓace? Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ake yi wa almajirin da ya ƙi tafiya bayan an ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce, "Baba, ni ba ni na rufe ba, sistem ne."

Madalla da sistem. Shi ke karɓar kuɗi cikin daƙiƙa guda da tsakar dare, bai taɓa cewa hotona bai fito ba lokacin karɓa. Na ce to ga ni ga fuskata, a sake ɗauka. Ya ce na'urar ɗaukar yatsa ba ta hawa tun safe, babu sabis. A ofishin masu sayar da sabis. Na juya na dubi mutanen da ke bayana ko wani zai yi dariya, babu wanda ya yi, duk an gaji.

Na ce, "To datar da na saya fa? Kwanakinta na tafiya, layi a rufe. Za ku tsayar da lissafi har a buɗe?" Ya yi wani ɗan murmushi ta gefen baki, ya ce, "Ba a yin haka." Ba a yi. An gama magana, malam ya yanke hukunci.

Nan na zaro akwatin daga leda, ina son ya gane ba don kallon ƙwallo nake wannan jeka-ka-dawo ba. Na fara yi masa bayani: tsohuwa ce, ba ta gani sosai, wannan ne ke haɗa ta da ɗanta. Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya shi sama da ƙasa, ya taɓa abokin aikinsa na gefe, ya ce, "Kai, zo ka ga kayan tarihi." Suka yi dariya. Sannan ya turo mini shi a kan kanta, ya ce, "Baba, ku saya wa tsohuwa Android mana ku huta. Wa ke amfani da irin wannan yanzu?"

Na gode da shawara, ranka ya daɗe. Ashe duk shekarun nan ba mu san akwai Android a duniya ba, sai da muka zo gabanka. Ashe ɗan da ya aiko da akwatin, wanda ke zaune a ƙasar da aka ƙirƙiro Android ɗin, bai taɓa jin labarinta ba. Kuma ita Android ɗin da iska za ta yi aiki, ba da layin da kuka rufe ba? Wannan duk a zuci na faɗa. Abin da ya fito bakina shi ne, "Ɗana, ba a yi maka tarbiyyar amsa sallama ba?" Ya ɗaga murya ta saman kaina ya kira na baya.

Ina fitowa, ko takalmina bai gama sauka daga matakala ba, wani yaro a ƙarƙashin lema ya tare ni: "Alhaji, buɗe layi ne? Kawo dubu biyu, yanzu-yanzu." A hannunsa na'urar ɗaukar yatsa ce, irin ta ciki sak, tana aiki lafiya lau. Sabis ɗin da ya gagari ofishi mai na'urar sanyaya ɗaki ya samu mazauni a ƙarƙashin lema, taku goma tsakani. Ban ba shi ba. Ba na miƙa yatsana da lambar NIN ɗina a bakin titi, bayan su da kansu suke gargaɗin kada a yi.

Amma in don yaron kanta ne, da ban zauna rubutu ba. Shi ɗan aike ne, ya ga yadda manya ke yi da mu ya kwaikwaya. Wa ya taɓa tsawata wa kowa a kan talaka a ƙasar nan? A Disamban 2020 gwamnati ta wayi gari ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, a tsakiyar annoba, aka tura tsofaffi da masu ciki cunkoso. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. A ƙarshen Yulin 2024 aka sake rufe na ɗimbin jama'a, har da waɗanda suka riga suka haɗa, sai da mutane suka yi dafifi a ofisoshi kafin aka ce a buɗe. Duk an ce mana saboda tsaro ne. To masu satar mutane a hanyar Birnin Gwari da tattabara suke aiko da saƙon kuɗin fansa? Da waya suke kira, su yi ciniki a tsanake, hotonsu bai taɓa ƙin fitowa ba. A 2021 ma kashe sabis ɗin aka yi ɗungurungum a Zamfara da wasu sassan jihar nan ta Kaduna, mai gaskiya ya rasa yadda zai sanar da 'yan uwa rasuwa.

Sannan a Janairun 2025 aka amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, da alƙawarin wai aiki zai inganta. Ƙarin ya iso a kan lokaci, bai yi ko lattin kwana ba. Ingancin muna nan muna jira. Wuta kuma an sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2013 aka ce wahala ta ƙare. Aka kasa mu aji-aji, a Afrilun 2024 aka kai kuɗin 'yan ajin farko naira 225 kowane ma'auni da alƙawarin awa 20 a rana, mu na cikin birni kuwa ajinmu sai Allah. A Oktoban 2024 Arewa ta kwashe kwanaki a cikin duhu, masu cajin waya a Tudun Wada suka zama sarakuna, ga fetur ya gagari janareta tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Wane batirin ajiya ne zai riƙe tarho mako guda?

Abin da ya fi ci mini rai, garin nan ya taɓa yin tarho na gida. Mu da muka girma mun san 069, lambar Zariya. Igiyar tagulla ce ke shigowa gida, kuma ko an ɗauke wuta tarho na aiki, domin wutarsa daga can ofishin take biyo igiyar. Gaskiya ne layukan duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan salula a 2001, kuma sai mai hanya ke samu. Maimakon a faɗaɗa, sai aka bar NITEL ta ruɓe, aka yi ta sayarwa ana fasawa, daga ƙarshe aka sallamar da ita a kan dala miliyan 252, igiyoyin kuma 'yan jari-bola suka gaje su. A ƙasashen da aka ƙera irin akwatin Inna don su, igiyar intanet ce ke shiga gida, ka jona ka manta. Mu nan tarhon gida ma sai ya rataya a wuyan katin salula, katin kuma a wuyan hoton da zai iya ɓacewa ranar da aka ga dama.

An rubuta shiri na ƙasa, 2020 zuwa 2025, wai intanet mai ƙarfi zai kai kashi 70 cikin 100 na jama'a, wa'adi ya cika ba a kai ba, ba wanda ya yi murabus. Jihar Kaduna ta yafe wa kamfanoni kuɗin haƙa ramin shimfiɗa igiya tun 2020, aka yi ta tafi. Ramukan mun gan su a bakin manyan tituna, mun tsallaka su, wasunmu sun faɗa da babur. Igiyar ta bi ta inda bankuna da dogayen ƙarafan sabis suke ta tsaya. Garin da ke da jami'a tun 1962, garin da ake koya wa mutane tuƙa jirgin sama a Palladan, a ce babu mai iya ja mana igiya ɗaya ta shige Ƙofar Doka ta isa lungunan Kwarbai da Babban Dodo, sai fastocin 'yan takara ne kawai suka san hanyar.