Injin Tsohuwar Beljik

Motata Toyota Carina E ce ƙirar 1994, kuma a bara ta kai matsayin da take shan baƙin mai kusan yadda take shan zuwa-zuwa, fetur ɗin nan na Najeriya da muke saye a kwalba a bakin titunan Garwa ta Kamaru. Duk inda na gifta sai na bar shuɗin hayaƙi, har masu babur da ke bayana suka koma gaishe ni da tari.

Bakanikena ya kasa kunne ya saurari injin, ya ce: "Alhaji, ringi ya cinye, shi ya sa mai ke haurawa saman fistan yana ƙonewa." Shawararsa ita ce a sauke injin, a kai shi a gyara ramukan silinda, a sa sababbin ringi da metal da gasket, sannan in yi ta lallaɓa motar na wani lokaci kafin in taka ta da ƙarfi. Sai dai ƙanin matata, wanda ke sayar da kayan mota, ya ce injin da aka taɓa buɗewa ba ya komawa daidai, kuma ringin kasuwa yawanci jabu ne, maganar da ta ba ni mamaki tunda shi ma ringin yake sayarwa. Ya ce akwai wani injin ɗan Beljik, wato na hannu daga Turai, da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala, na wata tsohuwar Baturiya ce da ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa. Daga baya na lura cewa duk injin da ke shagunan Garwa na wannan baiwar Allah ne.

Da na nemi ra'ayin uwargida, sai ta ce: "Maigida, a sayar da akwalar baki ɗaya." Ban sa wannan a lissafi ba. Na biya kuɗin injin tsohuwa, wanda ya ninka na gyara, na bar wa bakanike tsohon injina a kusurwar gareji saboda ya ce ba shi da sauran amfani sai a awon kilo.

Cikin gari lafiya lau. Ranar da na kama hanyar Ngaundere domin ɗaurin aure, ɗauke da dattawan unguwa cikin manyan riguna, muna fara hawan dutsen falez allurar zafi ta miƙe, sai ga farin hayaƙi, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Dattawa suka sauka suna neman duwatsun tare taya, liman kuwa ya tambaye ni cikin natsuwa ko kasuwar tsohuwar nan a bisa dutse take.

Aka jawo mu Garwa. Bakanike ya buɗe injin Beljik, ya lissafo mini ringi da metal da gasket, wato dai abin da ya faɗa tun farko, da ƙarin kuɗin wanke kan silinda da ya lanƙwashe.

Ina zaune a garejin ina jiran aiki wani ɗan tasi ya shigo da Carina mai daɗin sauti, ko ɗigon hayaƙi babu. Na yaba, na tambaye shi inda ya samo injin. Ya nuna bakanikena, ya ce ai ɗan Beljik ne, na wani tsoho da ba ya zuwa ko'ina sai masallaci.