Uba ma yana iya cewa "ki yafe mini"

Tun da na zo Amurka nake lura da yadda ake ɗaukar saɓanin uba da 'yarsa. A nan idan abu ya yi tsami, 'yar takan toshe lambarsa, ta ce tana neman kwanciyar hankali, mutane kuma su ce ta yi daidai. Binciken Jami'ar Jihar Ohio da ya fito a 2022 ya gano kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka bibiya sun taɓa yanke hulɗa da mahaifinsu, alhali kashi 6 ne kawai suka yi wa uwa haka, kuma 'ya'ya mata sun fi maza yanke uba. Sai dai kashi 69 cikin 100 na waɗanda suka yanke da uba sun koma sun shirya daga baya.

A wajenmu ba a cika yankewa ba, sai dai a yi ta zaman doya da manja. Ta kira shi: "Baba ina wuni, ya jiki?" Ya ce, "Lafiya lau, ga mamanki." Shi ke nan, shekara da shekaru, kuma ba mai kiran wannan matsala tunda ana gaisawa. Ran da ta buɗe baki, amsar ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, uba uba ne." Ta je ta durƙusa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma karatun da aka katse mata, ko maganar da ya yaɓa mata a gaban mutane, ba wanda ya ambata. Ta tashi da ciwonta yadda ta zo da shi, kuma wannan yana ci mini rai.

Ban yarda da saurin yankewar mutanen nan ba. Amma na ga dattawansu suna iya duban 'ya su ce "na cuce ki", ba tare da sun biyo da "amma ke ma" ba. Mu kuwa muna ganin hakan zubar da girma ne. Daga ina muka samo shi? Annabi (SAW) idan Nana Fatima ta shigo, miƙewa yake yi, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Shi ne kuma ya ce mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda idan aka yanke shi yake sadarwa. Hadisin bai ware uba ba.

Muna da abin da su suka rasa: gwaggo ko kawu da za su shiga tsakani ba sai an biya likitan ƙwaƙwalwa ba. Roƙona, kada su tsaya kan yi wa yarinya nasiha. Su samu uban shi kaɗai, su faɗa masa gaskiya, ya kira ta da kansa, ya ambaci laifin da sunansa. Wataƙila ta yi shiru, ko ta fashe da kuka ta kashe wayar. Kada ya yi fushi, ya sake kira bayan kwana biyu.