Wutar daji ta mutu, amma ta bar dafi a rijiya

'Yan uwana matasa, hunturu ya kama, ciyawa ta bushe ƙayau, kuma na san a cikinmu akwai masu shirin cinna wa daji wuta don farautar gafiya ko sharar gona. Don Allah ku dakata ku ji wannan.

A watan Nuwamban 2018 gobarar daji ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 85 suka rasu. Da masu sauran kwana suka dawo aka auna ruwan famfonsu, sai ga benzin a ciki, sinadarin nan da ke cikin fetur, mai haddasa sankarar jini. Haka aka gani a garin Santa Rosa, shi ma a Kalifoniya, bayan gobarar 2017. A ƙarshen 2021 kuma wata gobarar ta ƙone gidaje sama da 1,000 a jihar Kolorado, ta lalata rijiyoyin gidaje. Su can hukuma ba ta auna rijiyar gidan mutum, mai ita ke da wannan ɗawainiya. To mu nan wa ke auna mana?

Wuta ba ta kai wa ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa. A baki take ɓarna. Murfi ya narke, toka da gawayi su zuba ciki. Bututun roba da tankin roba, irin waɗanda muke ɗora wa rijiyar burtsatse, in suka sha zafi sai su saki guba cikin ruwa ko da ba su fashe ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali: ruwan zai iya fitowa garau, uwa ta ɗiba ta dama wa yaro koko. Tafasawa kuma ba ta maganinsa, ƙwayoyin cuta take kashewa. Shi benzin tururi yake bi, mai tsaye kan tukunya ta shaƙa.

Sai kuma ruwan farko na damina ya kwaso tokar da ta rage ya gangara da ita rijiyar da ba ta da dakali.

Ku bar ƙona daji. Ku nome ciyawar da ke kewaye da rijiya da tanki tun yanzu. In wuta ta riga ta bi ta wurin, a daina sha da girki da ruwan, a sauya duk robar da ta yi baƙi ko ta lanƙwashe, a yashe rijiyar, sannan a kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sake kai shi baki.